Hotunan wa za mu zana a bangon kulob?

Jiya da dare a teburin mai shayi muka zauna kan maganar bangon kulob ɗin unguwarmu nan Garwa, ga abin da na tsinta don waɗanda basu zo ba.

Ahmadu Ahidjo kam babu gardama, ɗan garin nan ne, shugaban Kamaru na farko daga 1960 har 1982, sai dai Baba Alhaji ya ce a zana shi da hula da babbar riga yadda mutane suka san shi, kuma kar a rubuta komai na siyasa a ƙasa, suna da shekaru kawai. 'Yan siyasan da ke raye kuwa dattawa suka ce a bar su, bango ɗaya ba zai ɗauki rigimar jam'iyya ba.

Wajen ƙwallo ne aka daɗe. Issa Hayatu ya riƙe CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, tun 1988 zuwa 2017, ya shiga. Samari kuma suka nace sai Vincent Abubakar, wai a kulob ɗin Coton Sport na nan Garwa ya taso kuma shi ya ci Masar a fainal ɗin kofin Afirka na 2017, wani har ya ce a zana shi yana cire riga bayan ƙwallon da ya ci Brazil a kofin duniya na 2022, aka yi ta dariya har shayi ya zube a benci. Ni dai ina ganin da rigarsa ya fi.

Mawaƙa aka ambaci marigayi Ali Baba, Inna mai ƙosai ta leƙo ta ce to ina mata? Shiru muka yi wallahi. An bar gurbi ɗaya sai an tambayi tsofaffi.

Fenti kuma a sayi mai jure rana, zafin Maris ba wasa.