Harshen gida da iya Turanci: yaya ake karanta alƙaluman ƙidaya?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Ina roƙon masana su warware mini wata tambaya. Idan rahoton ƙidaya ya nuna cewa da yawa daga mazauna wani yanki suna magana da wani harshe ban da Turanci a gidajensu, shin hakan yana nufin ba su iya Turanci ba ne, ko kuwa abubuwa biyu daban ake aunawa?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam. Abubuwa biyu ne, kuma cakuɗa su ne ke ɓatar da masu karanta rahoton. A Amurka, Hukumar Ƙidaya tana tambaya game da duk wanda ya kai shekara 5 ko yana amfani da wani harshe a gida, da wane harshe ne, sannan da yadda Turancinsa yake, inda zai zaɓa tsakanin matakai huɗu, daga wanda ya iya sosai har zuwa wanda bai iya ko kaɗan ba. A 2019, kimanin mutum miliyan 68, wato fiye da ɗaya cikin biyar, suna da wani harshen gida, akasarinsu Sifaniyanci, amma sama da rabinsu sun ce sun iya Turanci sosai. Yaron da yake hira da kakarsa da harshen iyayensa, yake kuma karatu da Turanci tun daga firamare, yana cikin wannan lissafi.

Hajiya Mai Nazari:
Malam ya yi gaskiya, sai dai ina da ƙari. Ba a yi wa kowa jarrabawa. Mutum ne ke auna kansa, kuma galibi mutum ɗaya ne ke cike takardar a madadin dukan iyalin, don haka mai kunya zai rage wa kansa, mai alfahari kuma ya ƙara. Bugu da ƙari, duk wanda bai zaɓi mataki na farko ba ana lissafa shi cikin masu ƙarancin Turanci, ko da kuwa yana gudanar da harkokinsa lafiya lau. Duk da wannan rauni, alƙaluman suna da nauyi a doka, domin a ƙarƙashin dokar 'yancin zaɓe ta Amurka, da su ake tantance gundumomin da dole su buga takardun zaɓe cikin wasu harsuna.

Ɗalibin Harshe:
Ina ganin ya kamata a lura da lafazin tambayar kanta. A ƙidayar Ingila da Wales ta 2021, babban harshen mutum aka tambaya, ba harshen gidansa ba, kuma kusan kashi 91 cikin ɗari suka ce Turanci ne (ko harshen Wales a can Wales), sai harshen Poland da na Romaniya suka biyo baya. Wanda yake magana da Urdu a gida amma ya ɗauki Turanci a matsayin babban harshensa ba zai bayyana cikin masu Urdu ba, saboda haka kwatanta wannan adadi da na Amurka kai tsaye ba daidai ba ne.