Neman shawara: Hilux ɗina ta ƙi shiga agzilari, wuta sai ƙiftawa take yi

Manomin Dankali (Bukuru):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana mota ku taimake ni. Ina da Hilux ƙirar 2016, mai fetur, giyar hannu, irin wadda ake murɗa maɓalli a dashbod a sa ta H2 (tayoyin baya kaɗai ke ja), H4 ko L4 (agzilari, wato tayoyi huɗu duka na ja). Da ita nake ɗauko dankalin Turawa daga gonata a wajen Bokkos zuwa kasuwar Farin Gada. Ranar Talata, bayan ruwan dare, na sauka daga kwalta da buhu goma sha biyu a baya, sai ta kafe a laka. Na murɗa zuwa H4, wutar agzilari da ke dashbod ta yi ta ƙiftawa ba ta tsaya ba. Tayoyin baya na ta watsa taɓo, na gaba ko motsi. Sai da matasan ƙauyen suka sauke kayan kaf suka turo ni, muka ɓata awa uku.

Na kai ta wani gareji, bakaniken ko ƙarƙashinta bai leƙa ba ya ce akwatin agzilari ne ya mutu, a sayo na Beljiyam. Kuɗin da ya ambata ya kusa cinye ribar noman bana. Ga Agusta ta kama, ba ni da wata motar. Me kuke gani?

Baban Khadija:
Wa alaikumus salam. Sannu Malam, Allah ya kiyaye gaba. Tambaya ɗaya: yaushe rabonka da sa ta a H4 kafin ranar? Kuma ka ratsa ruwa mai zurfi da ita kwanan nan?

Manomin Dankali (Bukuru):
Gaskiya tun damunar bara ban taɓa maɓallin ba. Ruwa kuwa, akwai wani rafi da nake tsallakawa kusa da gonar, makon jiya ya kai rabin taya har ya ɗan wuce.

Oga Makanike (Dilimi):
Alhaji, kada ka sayi komai tukuna. Shekara da shekaru ina kwance a ƙarƙashin Hilux, kuma da wuya ka ga akwatin kansa ya mutu shiru haka, ba ƙara, ba gurnani, ba yoyon mai. Ƙiftawar wutar nan tana nufin motar ta karɓi umarninka amma aikin bai kammala ba.

Ga yadda abin yake. In ka murɗa maɓalli, akwai ƙaramar moto ta lantarki a jikin akwatin agzilari, ita ce ke haɗa farfelar gaba, wato dogon ƙarfen da ke kai ƙarfi daga akwatin zuwa aksil na gaba. Sannan akwai wata ta biyu a jikin aksil na gaba, wadda Toyota ke kira ADD, ita kuma tana tura wani zobe ya haɗa shaf ɗin da ke kai ƙarfi ga taya. Sai duka biyun sun yi aikinsu, suwic ɗin da ke cikinsu ya sanar, wutar za ta tsaya cak. Ɗaya ta gaza, sai ƙiftawa.

Ta biyun nan ita na fi zargi. Tana ƙasa, inda ruwa da laka ke dukanta, kuma tana da wani siririn tiyo na shan iska da ke hawa sama. In tiyon ya tsage ko ya zame, ruwan rafi zai shiga ciki, giris ya daskare, ƙarfen da wuta ke bi ya yi tsatsa. Na sha buɗe su na tarar da ruwa ja kamar shayi. Ga shi kuma ka ce shekara guda ba ta motsa ba.

Ka sami rami ko a ɗora ta a kan abin tokara mai ƙarfi, kada kowa ya shiga ƙarƙashinta a kan jak kaɗai. A ja birkin hannu, giya a firi, a buɗe makulli, wani ya murɗa zuwa H4 kai kuma ka kasa kunne. Za ka ji ɗan kukan moto daga tsakiya, sannan daga gaba. Bayan haka a kama farfelar gaba da hannu a gwada juya ta. In ta kulle ta ƙi juyawa, akwatinka lafiya lau yake, matsalar tana gaba.

Mai Riwaya Rikkos:
Na yarda da Oga, amma a fara da mai sauƙi. A duba fiyus, a cire soket ɗin ƙananan moto ɗin nan biyu na lantarki a gani ko sun yi kore, a bi wayoyin da hannu. Motar gona ce, kara da kututture na fizge waya, ɓera ma yana ci in an ajiye ta kusa da buhunan hatsi. In akwai mai kwamfuta kusa a jona mata, amma a tabbatar na'urar tasa tana karanta ɓangaren agzilari, don wasu inji kawai suke gani.

Direban Mangu:
Ni dai shawarata a yi wa zoben nan walda ya zauna a haɗe har abada, a huta. Wani abokina haka ya yi wa tasa.

Oga Makanike (Dilimi):
Ɗan uwa, ana yi, amma ba zan ba shi wannan shawarar ba. Farfelar gaba za ta riƙa juyawa kullum ko a kan kwalta, mai ya ƙaru, kayan gaba su riƙa cinyewa, wutar ma ba lallai ta daina ƙiftawa ba tunda suwic ɗin bai gyaru ba. Kuma in aka yi walda, komawa baya sai an sayi wani.

Hajiya Mai Kayan Gwari:
Ni ba bakanikiya ba ce, amma ina da a-kori-kura biyu da ke kai min kabeji da karas Abuja ta Hawan Kibo, na sha biyan kuɗin gyara. Ɗana, ka duba tayoyinka. Tamu ta taɓa shiga H4 ta ƙi fita, direba ya taho da ita haka a kan kwalta, sitiyari ya yi tauri, in zai yi kwana sai ta riƙa tsalle. Ashe tayoyin gaba da na baya ba lamba ɗaya ba ne.

Manomin Dankali (Bukuru):
Hajiya, Allah ya saka da alheri, yanzu na fita da tocila na duba. Na baya 265/65 R17 ne, na gaba kuwa 265/70 R17. Watan azumi na saye su, mai tayar ya ce duk ɗaya ne.

Baban Khadija:
Ba ɗaya ba ne, Malam. Ta 70 ɗin ta fi tsayi da kusan santimita uku, wato duk juyi ɗaya tana wuce ta baya da kimanin santimita takwas. Hilux irin taka ba ta da abin da ke daidaita gaba da baya a tsakiya, in ta shiga H4 dole su juya tare. A laka taya na ɗan zamewa ta huce, a kan kwalta kuwa ƙarfin yana taruwa a haƙoran giya. Shi ya sa ba a tafiya da H4 a busasshiyar kwalta. In ta maƙale ta ƙi fita, ka miƙe sitiyari, ka ɗan ja baya kaɗan, yawanci sai ta saki. L4 kuma sai ka tsaya cak ka taka kuloci har ƙasa. Littafin Toyota ma ya ce a riƙa tafiya da agzilari aƙalla kilomita 16 kowane wata don mai ya zaga kayan gaba. Hanyar gonarka ta isa.

Manomin Dankali (Bukuru):
'Yan uwa, ga yadda aka yi. Yau da safe na kai ta Dilimi, aka hau rami. Farfelar gaba ta kulle kamar yadda Oga ya faɗa, akwati lafiya. Da aka kwance ƙaramar moto ta aksil na gaba, tiyon ya tsage daidai bakinsa, ruwa ya tsiyayo a tafin hannun yaron gareji, ciki duk tsatsa da busasshen giris. An wanke, an goge wurin da wuta ke bi, an sa sabon giris da sabon tiyo, aka ɗaure shi can sama. Man aksil na gaba ma ya koma fari kamar kunun gyaɗa, an zubar an zuba sabo 75W-90. Na gwada ta a turɓaya bayan gareji, sau biyu wutar ta ƙifta ta tsaya. Wallahi sai da na yi hamdala da ƙarfi.

Saura taya. Kuɗin huɗu ba su samu ba yanzu. Zan iya lallaɓawa da waɗannan zuwa ƙarshen wata?

Oga Makanike (Dilimi):
Alhamdu lillahi. Ba sai huɗu ba, Alhaji, biyu za ka saya masu lamba 265/65 ka sa a gaba, mai taya ya karɓi na 70 ɗin ya rage maka kuɗi. Kafin nan kada ka sa H4 sai tayoyi suna cikin laka sosai, da ka fito ka mayar H2. Kuma bayan ka tsallaka rafin nan sau biyu ko uku, ka dawo a buɗe noti a sake duba launin man, don mu tabbatar ba ta wani wuri ruwan ke shiga ba.