"Harshe da haƙori ma ana saɓawa": a rikicin Najeriya da Nijar, wane ne harshen?

Malam Habu Zariya:
Assalamu alaikum jama'a. Karin maganarmu ta yau ita ce "tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa." Tun daga juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da ya kifar da shugaban Nijar Bazoum, duk mai sharhin da aka tambaya zancen Najeriya da Nijar da ita yake rufe bakinsa. Mai goyon bayan ECOWAS ya faɗe ta, mai yabon Janar Tiani, jagoran sojojin da suka karɓi mulki, ma ya faɗe ta. Ni a sanina dattawa ke kawo ta wajen sasanta miji da mata ko wa da ƙani, kuma sai bayan an saurari kowa. Shin ta dace da rikicin ƙasashe, ko ana ɗauko ta ne kawai a binne zance?

Auta Katsina:
Wa alaikumus salam Malam. Ta dace mana. Ma'anarta ai duk kusancin mutum biyu sai sun samu saɓani, kuma saɓanin ba ya raba su. Jihohi bakwai na Arewa ke da iyaka da Nijar. Sarautar Maraɗi ma daga gidan Katsina ta fito, shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Ina kusancin da ya wuce wannan?

Hajiya ta Maraɗi:
Auta ɗana, kusanci kam babu musu. Amma ku da ke can kun iya faɗin ta da sanyin rai. In harshe da haƙori sunka saɓa, wa ke zub da jini? Ba ka taɓa jin haƙori ya yi kuka ba. Lokacin da anka yanke muna wuta a farkon Agusta 2023, mafi yawan wutar da Nijar ke sha daga Najeriya take zuwa. Maƙwabciyata mai saida ƙanƙara da zoɓo firjinta ya zama akwatin ajiye kwanoni. Shinkafa ta hau, magani ya yi wuya. Rannan ina jin wani a rediyo daga Abuja yana cewa "ai tsakanin harshe da haƙori ne, za ta wuce." Wallahi sai da na kashe rediyon. Wanda anka ciza shi ya kamata ya faɗi wannan magana in ya huce. Wanda ya yi cizon, shiru ya fi masa.

Ɗan Illela:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Sai dai ki daina cewa "ku". Mu nan bakin iyaka tare muka sha ta. Da aka rufe iyaka, motocin albasa na gani da idona sun yi layi tsakanin Illela da Ƙonni, direbobi na kwana ƙarƙashin mota, ruwa na tsiyaya daga buhuna, warin har cikin tasha. Masu dako da 'yan canji duk suka koma zaman banza. Biki ko gaisuwar mutuwa a ƙetare kuwa sai ka hau kabu-kabu ka bi ta jeji, kuɗin ya ninka. Ba Najeriya ce haƙori Nijar harshe ba. Haƙoran suna Abuja da Yamai, harshen kuwa shi ne daga Kamba har Maigatari, ciki da waje.

Barista Lawal:
Malam Habu, ina ga an bar tambayarka. Matsalar ba ta karin maganar ba ce, ta masu sharhi ce. Ku lura da abin da kowane ɓangare ke tsallakewa.

Mai kare ECOWAS zai ce sojoji sun tsare zaɓaɓɓen shugaba, gaskiya ne. Amma ba zai tsaya kan wa'adin mako guda da taron ECOWAS na Abuja na 30 ga Yuli ya bai wa sojojin tare da barazanar yaƙi ba, ba kuma zai faɗi dalilin da ya sa shugabannin da suka sauya tsarin mulki don zarcewa, irin su Alpha Condé a Gini a 2020, ba a yanke musu wuta ba.

Mai yabon sojoji kuma zai kwana yana zancen Faransa da yuraniyom ɗin Arlit, amma ba zai ambaci cewa Majalisar Dattawan Najeriya ta ƙi amincewa da tura soja tun a makon farko na Agusta ba, ko cewa Abdulsalami da Sarkin Musulmi, da Sarki Sanusi, da tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau duk sun taka har Yamai neman sulhu. Ba zai ce maka an ɗage takunkumin da ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar tun 24 ga Fabrairu 2024 ba, amma duk da haka Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewarsu daga ECOWAS a Janairun 2025. In kuma ka ce masa an dakatar da tashoshin RFI da France 24 a Nijar, daga baya BBC ta wata uku a Disambar 2024, sai ya ce kai ɗan koren Turawa ne.

Kowa ya faɗi rabinsa, sannan ya ɗora "harshe da haƙori" a kai kamar murfi. Karin maganar da ta fi dacewa da su ita ce "laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani."

Auta Katsina:
Barista, ka yi adalci dai, amma kamar ka fi danna ɓangare ɗaya. Na ƙirga: na farko layi uku, na biyu layi shida.

Barista Lawal:
Ka ga irin ta ko? Yanzu an koma awon layi da mudu.

Issoufou Damagaram:
Barista, da izininka. Wajenku zancen Faransa labari ne, wajenmu rayuwa ce. Sojojinta na cikin ƙasarmu har ƙarshen 2023, kuɗin da ke aljihunmu har yanzu sefa ne. In ɗan Nijar ya yi zargi, ba daga sama ya faɗo ba. Amma zan yarda da kai a wuri guda. Hirar da Janar Tiani ya yi da Hausa a ƙarshen Disambar 2024, inda ya zargi gwamnatin Najeriya da haɗa baki da Faransa, har da zancen 'yan bindigar Lakurawa a yankin Sakkwato, sannan Nuhu Ribadu, mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro, ya fito shi ma da Hausa ya ƙaryata: ban ga masu sharhi da yawa da sunka ce a kawo hujja ba. A Facebook da TikTok kowa ya yanki minti biyun da ya yi mishi daɗi ya watsa. Abin mamaki, 'yan Najeriyar da ke jin haushin tsadar rayuwa da cire tallafin mai sun fi mu saurin gaskata Tiani. Ba son Nijar ba ne, fushin Tinubu ne ya samu wurin sauka.

Gwaggo Asabe:
Ku yara kuna ta kewaye-kewaye. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi ke nan.

Malam Habu Zariya:
Gwaggo, Allah ya ja kwana, ban ce babu masu karɓar na goro ba. Amma da yawansu ba a ba su ko sisi ba. So ne, kuma so hana ganin laifi. Wannan ya fi wahalar magani, don mai cin lada in aka daina biya zai yi shiru, mai so kuwa da kuɗin datarsa yake faɗan.

Ina son mu koma kan abin da Hajiya ta kawo, don a can fahimtata ta tsaya. Dattijon da ke sulhu ba ya fara zama da wannan karin magana. Sai mai laifi ya sunkuyar da kai, wanda aka cuta ya amayar da abin da ke cikinsa, sannan a ce "to, a yi haƙuri, harshe da haƙori ma ana saɓawa." Ita hatimi ce a ƙarshen shari'a. In aka kawo ta tun kafin a ji ta bakin kowa, ta zama hanyar ce wa wanda aka cuta ya yi shiru.

Ɗan Illela:
To Malam, a wannan shari'ar wa zai sunkuyar da kai? Ministan harkokin wajen Najeriya Yusuf Tuggar ya je Yamai a Afrilun 2025, an yi musabaha, an ɗauki hoto. Ban ji wanda ya ce a biya masu albasa ba.

Issoufou Damagaram:
Kuma a watan Maris na shekarar Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi. Mutanen Diffa da na Damasak maƙiyinsu ɗaya ne, Boko Haram ba ta neman biza. Masu sharhinmu sun ce 'yanci ne, naku sun ce butulci ne. Ban ji an tambayi masunta da manoman tattasai na bakin Komadugu ba.

Hajiya ta Maraɗi:
Issoufou, kai ma ka faɗa cikin "namu" da "naku" da Ɗan Illela ya hana ni. Ni dai jikata tana aure a Jibiya, kuma ranar suna ba na jiran Abuja ko Yamai su shirya kafin in tahi. Barista, tunda kai ka san doka: in an sake rufe iyakar, takardar ECOWAS da ke hannuna tana aiki ko ta mutu?

Barista Lawal:
Hajiya, lokacin ficewar a Janairun 2025 ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta daga 'yan ƙasashen uku har sai an sanar da wani abu daban. Wannan a takarda ke nan. Abin da jami'in shingen Magama zai ce miki da ƙarfe bakwai na safe kuwa, Ɗan Illela ya fi ni sani.