Zazzaɓin cizon sauro kashi 100, yanke ƙafa kashi 40: haƙƙi ne ko gata?

Sadiq: Jama'a ku zo ku ji. A jadawalin da VA, hukumar kula da tsofaffin sojoji ta Amurka, take auna nakasar 'yan mazan jiya da shi don biyan su kuɗi, zazzaɓin cizon sauro kashi 100 ne cif. Wanda aka yanke wa ƙafa ƙasa da gwiwa kuma kashi 40. Ni na ce wannan ba adalci ba ne, shagwaɓa ce ta ƙasar da kuɗi suka yi wa yawa. In haka ne ai duk mutanen unguwarmu nakasassu ne daga saukar damina zuwa kaka.

Kawu Soja: Ɗana, ka faɗi abin da ke raina. Na yi Laberiya da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma. Zazzaɓi ya kama ni ya fi a ƙirga, ƙwaya muke haɗiya mu saɓa bindiga mu koma bakin aiki. Nakasa ita ce abin da ido ya gani: ƙafa, hannu, ido. Wanda ya bar ƙafarsa a daji shi ya ba ƙasa wani abu.

Maman Haidar: Kawu, Allah ya ƙara girma, ban isa in yi jayayya da wanda ya je fagen daga ba. Amma Sadiq rabin magana ya ɗauko. Aikin jinya nake yi a nan Amurka, ina ganin masu irin wannan takardar. Kashi 100 ɗin na lokacin da cutar take ci ne kawai. Da ta warke sai a mayar da ita kashi 0. Haka dokar take ga yawancin cututtuka masu yaɗuwa tun gyaran da ya fara aiki a watan Agusta 2019. Abin da ya rage sai a duba ɓarnar da ta bari, ko a hanta, ko a saifa, ko a ƙwaƙwalwa, a auna kowacce daban. Mai yankakkiyar ƙafa kuwa kashi 40 ɗinsa na nan har ya koma ga Allah, ga wani ƙarin kuɗi na musamman da ake ba wanda ya rasa gaɓa.

Sadiq: To Anti, ko na wata ɗaya ne ai an biya shi dubban daloli a kan abin da mu muke sha wa maganin kemis.

Maman Haidar: Ba a biyan wannan kuɗin ga wanda yake cikin kaki. Sai ya bar aiki. Sojan da sauro ya ciza a Agadas lokacin da Amurka take da sansani a can, kafin su tattara su fice a 2024, asibitin soja ne ya yi masa magani, albashinsa yake ci. Kafin ya ajiye aiki ya warke. In ya nema, kashi 0 zai gani a takarda.

Dakta Aminu: Bari in sa baki a kan "mu ma muna yi". Mu da muka tashi cikin sauro tun muna goye, jikinmu ya tara wata 'yar garkuwa, kuma da tsada muka saye ta, domin yaran da ba su kai ga tara ta ba su ne muke binnewa kowace damina. Baturen da ya girma inda babu cutar ba shi da ko ɗaya. Nau'in falsifarum, wanda ya fi yawa a Afirka ta Yamma, yana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa ko ya tsayar da ƙoda cikin 'yan kwanaki. A 2003 sojojin ruwan Amurka sun sauka Laberiyar nan da Kawu ya ambata, ba su daɗe ba aka kwashe gommai daga cikinsu zuwa asibiti saboda zazzaɓi. Sunan cutar ɗaya ne, jikin da ta samu ne ba ɗaya ba.

Kawu Soja: Wannan na yarda, Likita. Na ga baƙi suna zubewa a inda mu muke tsaye.

Dakta Aminu: Sannan akwai nau'in bibaks da ake samu a Afganistan da Koriya. Shi yana laɓewa a hanta, ya yi shiru wata da watanni, mutum ya koma gida ya fara sana'a sai ya taso. Irin wannan ne kashi 100 ɗin yake yi wa amfani. Kuma ba da baki ake karɓa ba, dole gwajin jini ya nuna ƙwayar cutar, a karon farko da kuma duk lokacin da aka ce ta dawo.

Barista Bashir: Duk gardamar nan ta taso ne daga kalmar "nakasa". Mu in an ce nakasasshe, gurgu ko makaho muke hangowa. Dokarsu ba zafin ciwo take aunawa ba, ba kuma jarumta ba. Tambayarta ita ce: wannan lalurar, a matsakaicin lissafi, kashi nawa take rage wa mutum na ƙarfin neman abinci a aikin farar hula? Mai ƙafar roba yana iya zama a ofis daga safe zuwa la'asar. Wanda zazzaɓi ya kwantar yana kakkarwa ba ya iya komai a wannan makon. Da wannan ma'aunin, 100 da 40 ɗin ba su saɓa wa hankali ba. Kawu yana magana a kan sadaukarwa, su kuma suna lissafin abin da zai shiga tukunya.

Kawu Soja: To ai nan ne kuskurensu, Barista. Soja ba lebura ba ne da za a auna shi da kuɗin yini.

Barista Bashir: Ranka ya daɗe, lambar girma daban, kuɗin cefane daban. In aka ce sai da jini za a biya, me za a ce wa fursunonin yaƙin da Japan ta tsare bayan faɗuwar Bataan da ke ƙasar Filifin a 1942? Da yawansu harsashi bai taɓa su ba. Farar shinkafa aka yi ta ba su, ita ma ba ta ƙoshi ba, har beriberi ta kama su.

Sadiq: Barebari kuma? Me ya kai mutanen Borno Filifin?

Dakta Aminu: Kai dai Sadiq Allah ya shirye ka, za ka ja mana faɗa da surukaina. Beriberi rashin bitamin B1 ne. Yana cikin dusar shinkafa, in aka goge ta ta yi fari tas ya tafi. Shi ya sa shinkafar da matanmu suke turarawa kafin a surfa ta fi, domin turarin yana tura sinadarin cikin ƙwayar. Cutar tana kashe jijiyoyin ƙafa, tana kumbura jiki, tana gajiyar da zuciya. A jadawalin, in ta kai ga zuciya ta gaza kashi 100 ne, in ƙafa ta saki tana jan ƙasa kashi 60. Mutum ya dawo da ƙafafunsa biyu amma ba sa ɗaukarsa. Kawu, wannan a wane layi za mu sa shi?

Kawu Soja: Wannan kam yunwar yaƙi ce, yaƙi ne ya ci shi. Ban musa ba.

Barista Bashir: Shi ya sa doka ta sauƙaƙa musu. Wanda ya yi kwana 30 ko fiye a hannun abokan gaba, in daga baya aka same shi da beriberi, ko felagra (ita ma cutar rashin bitamin ce), ko tamowa, ko atuni mai naci, ba a ce ya kawo shaidar cewa a can ya samo ba. Ɗauka ake yi cewa daga can ne. Haka aka yi a 2010 ga waɗanda suka yi yaƙin Tekun Fasha da Afganistan, aka ware cututtuka tara, ciki har da zazzaɓin sauro da tarin fuka.

Maman Haidar: Ni in za a soki jadawalin nan, ba ta inda Sadiq ya kama za a soke shi ba. Ba yawa ya yi ba, wani wurin ma ƙwauro ya yi. Ku ɗauki ciwon gajiya mai naci da ya addabi da yawa daga sojojin yaƙin Tekun Fasha na 1991. Ɗaya daga cikin hanyoyin auna shi ita ce a ƙirga makonnin da ya kwantar da mutum a shekara: biyu zuwa huɗu kashi 20, huɗu zuwa shida kashi 40, shida ko fiye kashi 60. Amma ba a lissafa kwanciyar sai in likita ne ya rubuta cewa a kwanta. Likitocin yanzu kuwa da wuya su rubuta haka. Sai mutum ya yi wata biyu bai iya fita ƙofar gida ba, a takarda kuma babu ko kwana ɗaya. Ga cutar lufus, wadda garkuwar jiki take juyowa ta yaƙi mai ita: daga kashi 10 sai 60 sai 100, babu matakala a tsakani, sai dai a bi gaɓoɓin da ta lalata ɗaya bayan ɗaya in hakan zai fi.

Sadiq: To wannan gajiyar ai kowa zai iya cewa yana da ita. Wa zai ƙaryata shi? Nan fa ƙofar cuwa-cuwa take.

Dakta Aminu: Akwai masu ƙarya, ba na rantse wa kowa. Amma ba a rubuta sunan ciwon sai ya yi wata shida, ya rage wa mutum rabin abin da ya saba yi, an kuma bincika an kore sauran cututtukan da ke kama da shi. Wanda zai jure wannan zirga-zirgar don kashi 10 ya sha wahalar banza.

Sadiq: Nawa ne kashi 10 ɗin?

Maman Haidar: A 2024, dala 171 da 'yan kai a wata. Kashi 100 kuma dala 3,737 ga wanda ba shi da iyali. Kafin ka buga shi da naira ka ce wayyo, tambayi kuɗin hayar ɗaki ɗaya a nan. Kuma lissafinsu ba tarawa ba ne. Mai 60 da 30 ba 90 yake samu ba. Ana cire 60 daga 100, saura 40, a ɗauki kashi 30 na wannan 40 ɗin, ya zama 72, a mayar da shi 70.

Kawu Soja: Wato ko a can ma mai rabo ba ya mantawa da aljihun gwamnati.

Barista Bashir: Ko kaɗan. Amma kashi 0 ɗin ma ba banza ba ne. Ya nuna an amince a bakin aiki aka samo cutar, ana duba ta kyauta, in ta dawo ba sai an fara shari'a daga tushe ba.

Kawu Soja: Na saurare ku duka. Na janye maganar beriberi, na janye ta baƙon da falsifarum ya kayar. Amma har gobe, in aka jera mini mai gajiya kashi 60 da yaron da nakiya ta cire wa ƙafa kashi 40, zuciyata ba za ta kwanta ba. Ku kira shi ra'ayin tsoho.

Maman Haidar: Kawu, in ka zo ziyara zan kai ka ka gaisa da mai kashi 60 ɗin, in ya iya tashi ya buɗe mana ƙofa.

Sadiq: Ni dai a taimaka a tura mini fom ɗin, jikina ya fara zafi tun jiya.

Dakta Aminu: Je ka a yi maka gwajin jini tukuna, su ma da shi suke farawa.