Wai me za mu kira "motivational speaker" da Hausa?

1/ Jama'a, masu fassara kowa da tasa, wannan ya ce mai ƙarfafa gwiwa, wancan ya ce mai jan hankali, wasu kuma su bar ta da Turancinta su yi gaba abinsu. Ku zo mu tsayar da magana ɗaya don Allah.

2/ Abin nan fa sana'a ce, tikiti ake saya a shiga. A Amurka ta yi ƙarfi, Dale Carnegie ya fara koyar da magana a gaban jama'a a New York tun 1912, daga baya aka samu su Zig Ziglar da Les Brown da Jim Rohn, shi Tony Robbins ma yaron Rohn ne, tallar tarukansa yake yi kafin ya kafa nasa. Saboda haka "mai wa'azi" ta fita, mai wa'azi lahira yake tuna maka, wannan kuwa harkar duniya ce zalla, tashi ka nema.

3/ "Mai ƙarfafa gwiwa" akwai daɗin ji amma ta yi faɗi da yawa. Wanda ya je dubiya asibiti ma ƙarfafa gwiwa yake yi, haka uwar da ɗanta ya faɗi jarrabawa, kuma ba wanda ya miƙa musu makirufo.

4/ Wani ya kawo "ɗan zuga", wallahi sai da na dara. Kuma akwai inda ta zauna daram, a tarukan Robbins ana kiɗa ana ihu mutane su cire takalmi su taka garwashi, a Dallas a 2016 sama da mutum 30 sai da aka duba musu ƙuna a ƙafa. In wannan ba zuga ba ce to mece ce? Matsalar dai mai zuga a Hausa shi ne wanda zai ingiza ka ya koma gefe yana kallo, in muka liƙa wa kowa sunan mun zalunci na kirkin cikinsu, kuma akwai su.

5/ Ni dai "mai zaburarwa" na zaɓa, jam'i masu zaburarwa. Kar a ce mazaburi, wannan shi ne ya zabura da kansa.

6/ Dalilina, kalmar ba ta yi wa aikin ƙari ba. Mutum na gyangyaɗi a kira sunansa ya zabura ya miƙe, shi ke nan, ba ta ce ya kai ko'ina ba. Gabriele Oettingen ta Jami'ar New York ta daɗe tana bincike a kan haka, ta gano masu yawan mafarkin nasara ba tare da duba cikas ɗin da ke gabansu ba ƙoƙarinsu raguwa yake yi. To ka fito daga taro jini na tafasa, washegari aikin na nan yana jiranka, mai maganar kuma ya karɓi kuɗinsa ya hau jirgi.

7/ Mai wadda ta fi wannan ya kawo, amma ya fara gwada ta a jimla: "An gayyato ______ ya yi wa ɗalibai jawabi."