Alamar `_` a Scala ta ƙi maimaituwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun jiya nake fama da abu ɗaya a yaren rubuta manhajar kwamfuta na Scala 2.13, kaina ya ɗaure.

Ina da jerin lambobi `List(2, 3, 4)`. Idan na rubuta `map(_ * 2)`, lafiya lau. Da na so a ninka kowace lamba da kanta, na rubuta `map(_ * _)`, sai ya watso mini "missing parameter type for expanded function". Abin haushin, `reduce(_ * _)` yana tafiya sumul, ya ba ni 24.

Na gwada `map(math.pow(_, 2))`, ya yi, sai dai Double (lamba mai ɗigon desimal) yake dawo mini da shi, ni kuwa Int (cikakkiyar lamba) nake buƙata.

Shin akwai yadda `_` biyu za su nuna lamba guda, ko dole sai na raɗa mata suna kamar `x => x * x`? Na gode.