Tsutsa ta cinye mana ganyen kaɗanya, in yi feshi ko in bari?

Manomin Mokwa:
Salam jama'a, dan Allah shawara nake nema. Gonar da muka gada wajen Baba akwai kaɗanya guda 9 a ciki, to tun farkon watan 7 wata tsutsa baƙa mai ratsin ɗorawa ta hau su, in ka tsaya a gindin bishiyar kana jin kashinsu yana zubowa kamar yayyafi, yanzu guda 3 ko ganye ɗaya babu. Har na sayo maganin feshi sai wata dattijuwa Banufiya maƙwabciyarmu ta ce kar in kuskura, wai manimani ce, cin ta suke yi. Ni dai tsorona kar itatuwan su mutu, don da man kaɗen nan Inna take rufa wa kanta asiri.

Abu Hafsat:
Ɗan'uwa ajiye maganin nan, Mama ta fi ka gaskiya. Wani malam-buɗe-littafi ne na dare yake zuba ƙwai a rassan da farkon damina, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta ci ganye na ƴan makonni, in ta ƙoshi sai ta sauko ta shige ƙasa a gindin bishiyar, sai baɗi kuma. Kaɗanyar za ta sake toho, ni tun ina yaro nake ganin haka a gonar kakanmu kuma itatuwan suna nan har yau. Kashin nan da kake ji ma taki ne ya sauka maka kyauta.

Maman Ikram:
Na zauna Bobo-Dioulasso a Burkina shekara 4 da maigidana, can shitumu suke ce mata kuma sana'a ce sosai. Da asuba mata ke fita da bokiti su tsince su a ƙasa, a tafasa da gishiri a shanya, a soya da albasa da tumatir har cikin burodi ake sawa. Ranar farko wallahi kasa kallo na yi, daga baya na ɗanɗana, ɗanɗanonta ya ɗan yi kama da busasshen kifi. Ka bar dattijuwar ta tsinta Malam, ko ladan maƙwabtaka ka samu.

Ɗan Damagaram:
Mu da muke cin fara da yaji a leda ai ba mu da bakin ƙyamar wani, ga shinge in an yi ruwan farko yara na tarawa gindin fitila. Fara kam hadisi ya halatta ta tare da kifi, ita tsutsa in zuciyarka ba ta kwanta ba ka tuntuɓi malaminku. Amma ka tuna in ka fesa kuma wani yaro ya tsinta ya ci, alhakin yana wuyanka.

Mai Amya:
Abin da ya fi damuna ƙudan zuma ne. Kaɗanya da rani take fure, lokacin da furanni suka yi ƙaranci a daji, kuma ƙudan ne ke ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan har ta yi ƴaƴa da yawa. Ga tururuwa ga gizo-gizo ga tsuntsaye duk a jikinta suke kiwo, magani ba ya tantancewa. In kana son taimakon itatuwanka hau ka duba kauci, shi ne mai shanye reshe har ya bushe, ka sare shi. Sai kuma masu gawayi, ka sa ido.

Manomin Mokwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Kaucin kam akwai shi a guda 2, gobe zan hau da adda. Na faɗa wa Mama ta turo jikokinta da asuba, maganin kuma zan mayar wa mai shago.